Dinarin Sarki Offa mai kalmar shahada: me yake faɗa a kan mulkinsa?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum malamaina. Akwai hoton wata tsabar zinariya da ke ta yawo a Facebook da WhatsApp. A jikinta an rubuta kalmar shahada da Larabci, a tsakiya kuma an sa OFFA REX da baƙaƙen boko. Masu yaɗa hoton suna cewa wai wani sarkin Ingila ne mai suna Offa ya musulunta tun ƙarni na 8, shi ya sa Turawa suka binne labarinsa, har ba a samun littafi ko ɗaya na zamaninsa da ya kawo tarihin rayuwarsa.

Don Allah masu sani su taimaka. Tsabar nan gaskiya ce ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ce, ta isa hujjar cewa ya musulunta? Sannan shi Offa ɗin wane ne, ina ƙarfin mulkinsa ya kai, kuma me ya sa ake jin sunan Alfred ko'ina amma shi ba a cika jin nasa ba? Ina son amsa mai hujja, wadda zan iya kare ta in an ja da ni.

Malam Mai Sulalla:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsabar gaskiya ce. Tana ajiye a British Museum da ke Landan tun 1913, kuma ita kaɗai ce irinta da aka sani. A birnin Roma aka fara ganinta a ƙarni na 19, ba a Ingila ba. Nauyinta giram 4.28, faɗinta wajen milimita 20. Dinarin Abbasiyawa giram 4.25 yake yi, ashe wanda ya ƙera ta ba rubutu kaɗai ya kwaikwaya ba, har da awo.

Ga abin da ke jikinta. A fuska ɗaya, tsakiya: La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu, kewaye da shi kuma lafazin da aka ɗauko daga aya ta 33 ta Suratut Tauba. A ɗaya fuskar layi uku ne: Muhammad, Rasul, Allah, a gefe kuma bayanin cewa an buga wannan dinari a shekara ta 157. Hijira 157 ta faɗo tsakanin 773 da 774, zamanin Halifa Mansur wanda ya gina Bagadaza. Dinaran wancan lokaci ba sa ɗauke da sunan halifa, shekarar ce ke nuna na wane ne. A tsakanin layukan nan uku aka cusa OFFA a gurbi ɗaya, REX a ɗaya gurbin, wato Sarki Offa da harshen Latin.

Sai a duba yadda ake buga kuɗi a lokacin. Maƙeri yana da ƙarfen hatimi biyu. Na ƙasa a kafe yake cikin kututture, na sama a hannu. A auna zinariya, a daddale ta, a yanke ƙaramin faifai, a ɗora kan na ƙasa, a aza na sama, a maka guduma. Duk rubutun sai an sassaƙa shi a baibai a jikin ƙarfen kafin ya fito daidai a kan tsabar. Mai sassaƙar nan dinari na gaske ya sa a gaba yana kwafa, zane bayan zane, rubutun Kufi wanda ko ɗigo babu. Ya yi ƙoƙari, amma akwai kurakurai a Larabcin, irin na wanda ke kwafar siffa bai san harafi ba. Babbar shaidar ita ce wannan: in kika riƙe tsabar yadda OFFA REX zai karantu, sai sunan Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya koma kai a ƙasa. Wanda ya san abin da layukan ke cewa, balle wanda ya yi imani da su, ba zai sa sunan sarki ya kifar da su ba. Shekarar ma kwafo ta aka yi tare da sauran. Ba ta nuna lokacin da aka buga na Offa, iyakarta ta ce ba a buga shi kafin 773 ba, rasuwarsa a 796 kuma ta rufe ɗaya ƙarshen.

To me ya kai shi kwafar dinari? Tun wajen ƙarshen ƙarni na 7 Yammacin Turai ya kusan daina buga zinariya, azurfa ake kashewa. Zinariyar da ke yawo a bakin Bahar Rum dinarin Musulmi ce da ta Rumawan Gabas. Ɗan kasuwa a Italiya da kamanninta da nauyinta yake gane ta, don haka mai son a karɓi zinariyarsa ba gardama sai ya yi ta a siffar da aka saba. Offa ba shi kaɗai ya yi haka ba. Salerno da Amalfi a kudancin Italiya sun daɗe suna kwaikwayon rubu'in dinarin Faɗimiyawa, Barcelona ta kwaikwayi dinarin Andalus a ƙarni na 11, 'yan Salibiyya ma sun buga kwafin dinari da Larabci a ƙasar Sham har sai da Fafaroma Innocent na 4 ya hana su a tsakiyar ƙarni na 13. Babu wanda ya ce waɗannan sun musulunta.

In ana son sanin abin da Offa ke gaya wa talakawansa ta bakin kuɗi, kwabon azurfarsa za a duba, don shi aka buga da yawan gaske. Kafin shi wasu ƙananan tsaba masu kauri ake kashewa, galibi ba sunan kowa a jiki. A zamaninsa siririn kwabo mai faɗi ya kafu, sunan sarki a fuska ɗaya, sunan maƙerin kuɗin a ɗaya, ta yadda in azurfa ta yi ƙaranci ko an yi mata gauraye an san wanda za a kama. Na farko nauyinsa wajen giram 1.2, daga wajen 792 aka ƙara shi ya kai kimanin 1.4, aka kuma cire hoton sarki, aka jera sunansa a layi uku. A Canterbury da Landan da East Anglia ake bugawa. Gicciye ya cika jikinsu. Wasu ma na haɗin gwiwa ne, sunan Offa a gefe guda, na Akbishop Jaenberht, babban limamin cocin Canterbury, ko magajinsa Aethelheard ko Bishop Eadberht na Landan a ɗaya. Akwai kuma waɗanda maƙeri Eoba ya buga da sunan matarsa Cynethryth, ita ce sarauniya ɗaya tak a duk zamanin Anglo-Saxon da aka buga kuɗi da sunanta.

Malama Mai Kundi:

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya gama da tsabar. Zan ɗauki zancen binne tarihi, don nan ne aka fi ruɗa mutane.

Gaskiya ne babu littafin tarihin Offa daga zamaninsa, amma dalilin a fili yake. Bede, babban marubucin tarihin farkon Ingila, ya tsaya a 731, ya rasu a 735, shekara 22 kafin Offa ya hau. Ƙasar Offa ita ce Mercia, tsakiyar Ingila ke nan, fadarsa mafi suna a Tamworth. Mercia ba ta bar mana kundin tarihi nata na kanta ba, gidajen ibadarta kuwa, inda ake ajiye takardu, sun sha ɓarna a hannun mayaƙan Viking a ƙarni na 9, har gabashin ƙasar ya faɗa hannunsu a shekarun 870. Kundin da kowa ke dogara da shi, Anglo-Saxon Chronicle, a masarautar Wessex ta kudancin Ingila aka harhaɗa shi wajen 890, zamanin sarkinta Alfred, wato a gidan abokan hamayyar Mercia. Ya lissafa sarakuna takwas da suka yi rinjaye a kan sauran, ya tsallake Offa da Aethelbald wanda ya gabace shi, ya sa Egbert kakan Alfred. Shi Alfred yana da Asser wanda ya rubuta rayuwarsa a 893 yana raye. Offa bai samu irin wannan ba. Duk sarakunan Mercia haka abin ya same su, ba shi kaɗai ba.

Mai karanta kundin nan ya kula da tarko ɗaya: a wannan zango shekarunsa sun zame da biyu, kuskuren wani mai kwafa tun da wuri. Hawan Offa yana ƙarƙashin 755 alhali 757 ne, rasuwarsa ƙarƙashin 794 alhali 796 ne. Shi ya sa za ki ga littattafai biyu sun saɓa a kan abu ɗaya.

Abin da ya rage mana takardun kyautar ƙasa ne, da wasiƙu, da rahotannin majalisun coci. Su kuwa murya ɗaya suke yi a kan addininsa. A 786 Fafaroma Hadrian na 1 ya aiko da wakilai biyu, George na Ostia da Theophylact na Todi, Offa ya karɓe su, aka karanta hukunce-hukuncensu a majalisarsa da Latin da harshen ƙasa, ya sa hannu. A 787, a wani taro a Chelsea da kundin da kansa ya kira mai cike da jayayya, ya sa aka raba ikon Canterbury, aka ɗaga Lichfield ta zama kujerar akbishop, aka ba Hygeberht, galibin bishop-bishop na tsakanin kogin Thames da Humber suka koma ƙarƙashinsa. A shekarar aka shafe ɗansa Ecgfrith da mai aka naɗa shi sarki uban na raye, karo na farko da aka rubuta irin wannan naɗin coci a Ingila. Ya kuma yi alkawarin aika wa Roma mankus 365 kowace shekara, ɗaya a madadin kowace rana, don talakawa da man fitilun cocin Bitrus. Mankus ɗaya kwabon azurfa 30 ne, jimla 10,950, in kuma da zinariya za a biya a awon dinari, ya ɗan haura kilo ɗaya da rabi. Wannan alkawari a wasiƙar Fafaroma Leo na 3 zuwa ga Coenwulf, wanda ya gaji sarautar, aka ambace shi. Saɓani da Roma da aka sani guda ɗaya ne: jita-jita ta kai wa Hadrian cewa Offa ya ba Sharleman, sarkin Faransa na lokacin, shawarar a tuɓe Fafaroman, Hadrian da kansa ya rubuta cewa bai yarda da ita ba.

Kada a ɗauka duk wannan tsoron Allah ne zalla. Lichfield siyasa ce. Jaenberht mutumin Kent ne, Kent kuwa ba ta son Offa, kuma naɗin ɗa irin wanda yake so sai da akbishop. Coenwulf ya rubuta wa Leo ƙarara cewa ƙiyayyar Jaenberht da mutanen Kent ce ta sa Offa ya raba ikon. Haka ya yi da gidajen ibada, ya mai da su dukiyar gidansa: a taron Brentford na 781 ya karɓe Bath daga hannun bishop na Worcester, bayan rasuwarsa kuma matarsa ce ke riƙe da gidan ibada na Cookham. Sarki ne Kirista da ya ɗauki coci makamin mulki. Ni a ganina dinarin nan ma cikin kuɗin Roma ya tafi, tunda can aka fara ganinsa kuma nauyinsa nauyin mankus ne.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya ƙara ilimi. Zancen musulunta ya fita a raina. Saura ɗaya: wasu shafuka suna kiransa sarkin Ingila na farko. Haka ne? Kuma ganuwar da ake cewa ya gina tsakaninsa da Wales, ta yaya sarki na wancan zamani, ba injina ba albashi, ya iya aiki irin wannan?

Malam Na Bakin Ganuwa:

'Yar'uwa, sarkin Ingila na farko ya yi masa yawa. Takardun da ke kiransa sarkin Ingilishi gaba ɗaya kwafi ne na baya, na ƙarni na 10 zuwa sama, kuma masana suna tuhumarsu. A takardun asali da a kuɗinsa sarkin mutanen Mercia yake. Northumbria da Wessex suna da sarakunansu har ya mutu, da aure ya ɗaure su: 'yarsa Eadburh ta auri Beorhtric na Wessex a 789, Aelfflaed ta auri Aethelred na Northumbria a Catterick a 792.

Abin da ya yi da gaske shi ne rushe ƙananan sarautu. A 757 dogaran Aethelbald suka kashe shi a Seckington, wani Beornred ya haye, Offa ya kore shi a shekarar. Daga nan in ana bin takardun ƙasa ɗaya bayan ɗaya ana ganin yadda laƙabi ke raguwa. Sarakunan Hwicce, yankin Worcester, suna sa hannu a matsayin ƙananan sarakuna ƙarƙashinsa, can sai Ealdred ya bayyana ana kiransa ƙaramin sarki kuma hakimin Offa, bayansa gidan ya ɓace. A Sussex ya ci mutanen Hastings da yaƙi a 771, waɗanda jiya suke sarakuna suka wayi gari hakimai. Kent ta fi ba shi wuya. Tun 764 yana Canterbury yana ba da ƙasa. A 776 aka gwabza a Otford, kundin bai faɗi wanda ya ci ba, amma daga nan har wajen 785 sarakunan Kent suna ba da ƙasa ba tare da ambatonsa ba, alamar sun kuɓuce masa kusan shekara goma. Da ya dawo bai bar musu sarki ba. Har kyautar da Sarki Egbert na Kent ya yi wa wani wakilinsa Aldhun ya soke, a kan cewa bai dace baransa ya ba da ƙasa ba tare da shaidarsa ba. Sarki sukutum ya kira bara. A 779 ya ci Cynewulf na Wessex a Bensington a bakin Thames. A 794 ya sa aka fille kan Aethelberht sarkin East Anglia, wanda ya buga kuɗi da sunan kansa. Mutane suka mai da Aethelberht waliyyi, babban cocin Hereford har yau yana ɗauke da sunansa.

Zancen albashi kuwa, ba da kuɗi ake tafiyar da mulkin ba, da ƙasa ne. Ana auna ƙasa da abin da suke kira hide, gonar da ake ƙiyasta za ta riƙe gida ɗaya, kowane nauyi kuma a kan wannan awo ake raba shi. Sarki yawo yake daga gandu zuwa gandu da jama'arsa suna cin abin da aka tara. Wata takarda ta ƙarshen mulkinsa ta nuna abin da ƙasar gida 60 a Westbury za ta kai gandun sarki: shanu bakwai, raguna shida, cuku 40, awo 30 na hatsin da ba a niƙa ba, awo huɗu na gari, da manyan ganguna na giya iri uku. Bayan abinci akwai wajibai uku da ko ƙasar coci ba a ɗauke mata: fita yaƙi, gyaran gada, da aikin ganuwa. Aethelbald ne ya fara rubuta aikin gada da na ganuwa a Gumley a 749, Offa ya kai wajiban Kent, inda takardarsa ta 792 ta ambaci yaƙi da arnan da ke zuwa ta teku, shekara ɗaya kafin harin da mayaƙan Viking suka kai gidan ibada na Lindisfarne.

Da irin wannan wajibi ake ganin aka tara masu haƙa. Kowane yanki a yanka masa rabonsa gwargwadon gidajensa, ya turo mutane da abincinsu da kayan haƙarsu. A Wessex, bayan fiye da shekara ɗari, an rubuta lissafin tsare ganuwar gari: mutum ɗaya daga kowane gida, mutum huɗu ga kowane tsawon mita biyar. Na Offa ba a rubuce yake ba, amma tushen ɗaya ne.

Ita ganuwar ta ƙasa ce. Gwalalo yana yamma, ɓangaren Wales, ƙasar da aka haƙo aka tula ta gabas. A inda ta fi lafiya faɗin gwalalo da tudu tare ya kai mita 20, tudun kuma wajen mita biyu da rabi. An bi da ita ta gangaren duwatsu masu kallon yamma, don na kai ya hangi Wales, na ƙasa kuma ya ga abu ya tokare masa gaba. Asser ya ce daga teku zuwa teku take. Cyril Fox, wanda ya bi ta a shekarun 1920 da farkon 1930, ya yarda da shi, ya ce inda babu tudu daji ne ko kogi suka tsare. David Hill da Margaret Worthington, bayan tono mai yawa, suka ce ta ainihi kilomita 103 ce kawai, daga Rushock Hill zuwa kusa da Treuddyn, daidai fuskar masarautar Powys ta Wales. Wannan ya dace da wani ginshiƙin dutse kusa da Llangollen da ke yabon Sarki Eliseg na Powys a kan ƙwato ƙasa daga hannun Ingilishi.

Inda ake tuntuɓe shi ne sanya mata shekara. Gawayi ko ciyawar da aka samu ƙarƙashin tudu suna nuna abin da ya riga ginin ne kawai, na saman kuma yana iya zama na gyaran baya. Gwajin kabon, wanda ake gano shekarun abu da shi, na wani yanki kusa da Chirk, da aka bayyana a 2014, ya ba da shekaru wasu kafin Offa wasu bayansa. A arewa kuma akwai wata ganuwar dabam, ta Wat, tana tafiya kusa da ita, an sha haɗa su a lissafi. Hanyar 'yan yawon ƙafa ta yau mai kilomita 285, wadda aka buɗe a 1971, ba tsawon ganuwar ba ne, wurare da yawa ba ta bin ta.

Malam Mai Sulalla:

Malama, Allah ya gafarta, a kan kuɗin Roma ina da ja kaɗan. Alkawarin 365 lissafi ne, ana iya cika shi da azurfa ko da zinariyar da ba a buga ba. Kuma a fadar Fafaroma ba a rasa masu gane Larabci, da wuya a zaɓi tsabar da ke cewa Allah ba shi da abokin tarayya a kai sadaka cocin Bitrus da sunan sarki a jiki, in da mai aikawa ya san abin da ta ce. Rashin sanin shi ne ya bar ƙofar a buɗe, don haka ban kore ra'ayinki ba, amma fatauci ko kyautar girma sun fi kwanta mini. Roma cike take da Ingilishi masu ziyara da 'yan kasuwa, kowannensu yana iya kai ta.

Wasiƙar Sharleman ta 796 ta nuna irin wannan zirga-zirga. Kafin ita an yi rikici: wajen 790 Sharleman ya nema wa ɗansa Charles 'yar Offa, Offa ya ce sai dai a ba Ecgfrith Bertha 'yar Sharleman. Sharleman ya ji an yi masa raini, aka rufe tashoshin ruwa ga fataken juna, sai da Gervold shugaban gidan ibada na Saint Wandrille da irin su Alcuin, malamin coci ɗan Ingila da ke fadar Sharleman, suka shiga tsakani. A wasiƙar yana kiran Offa ɗan'uwa. Masu ziyarar ibada na gaskiya su wuce ba kuɗin fito, amma fataken da ke fakewa cikinsu su biya. Fataken kowane ɓangare suna da kariyar sarkin ƙasar da suke ciki. Offa ya nemi baƙaƙen duwatsu, aka ce ya aiko wanda zai faɗi girman da yake so, shi kuma Sharleman ya yi ƙorafin mayafan da ake kawowa daga Ingila, ya ce a mai da tsawonsu yadda yake a da. Ya haɗa da kyautar ɗamara da takobi da yadin siliki biyu, da tufafin coci ga bishop-bishop don a yi wa Hadrian addu'a, wanda ya rasu a ƙarshen 795.

Don kwatance, zinariyar Coenwulf da aka tsinta a Biggleswade a 2001 giram 4.33 ce, kusan awo ɗaya, amma da hoton sarki da Latin da sunan Landan. Cikin 'yan shekaru awon ya zauna, an daina buƙatar aron siffar.

Malama Mai Kundi:

Na karɓi gyaran, Malam, a bar shi a buɗe. Abin da 'yar'uwarmu za ta ƙara riƙewa shi ne yadda ginin ya zube da wuri. Offa ya rasu ran 29 ga Yuli 796. Ecgfrith, wanda aka raba coci aka zubar da jini dominsa, kwana 141 ya yi a kan gado ya bi uban. Alcuin, wanda a da ya yabi Offa, ya rubuta wa wani babban Mercia cewa saurayin ba don zunubinsa ya mutu ba, jinin da uban ya zubar don tabbatar masa da sarauta ne ya biyo shi. Da alama Offa ya share dangin da za su iya ja da ɗansa, shi ya sa gadon ya faɗa hannun Coenwulf, wanda dangantakarsa da gidan ta yi nisa.

A shekarar Kent ta yi tawaye ƙarƙashin Eadberht Praen, wanda ya yi gudun hijira a ƙasar Sharleman, Akbishop Aethelheard ya tsere daga Canterbury. A East Anglia wani Eadwald ya fara buga kuɗi da sunansa. Coenwulf ya murƙushe Kent a 798, ya kama Eadberht aka nakasa shi, ya ɗora ɗan'uwansa Cuthred, amma bai kare Lichfield ba: a taron Clofesho na 803 aka soke kujerar akbishop ɗin, iko ya koma Canterbury. Egbert na Wessex kuwa, wanda Offa da surukinsa Beorhtric suka kora zuwa Faransa, ya dawo ya hau gado a 802. A 825 ya ci Beornwulf na Mercia a Ellendun, Kent da Sussex da Surrey da Essex suka koma hannunsa, a 829 ya mamaye Mercia kanta na shekara guda. Jikansa Alfred, da ya zo rubuta dokokinsa, ya ce ya tsinto daga na Sarki Ine na Wessex da na Aethelberht na Kent da na Offa. Na biyun farko suna nan ana karantawa, na Offa ba a samu kundinsu ba, sai dai masanin tarihi Patrick Wormald ya kawo hujjar cewa hukunce-hukuncen wakilan Fafaroma na 786 Alfred yake nufi.